Sai Inna Ta Ga Dorina

Talata, 11 ga Jimada Lawwal 1332, bayan la'asar, Gwandu

Inna ta zo! Alhamdu lillahi. Ina tsakiyar biya wa yara karatu a zaure na ji tafiyar jakuna, na leƙa, sai ga Sambo ɗan Kawuna da ayarinsa na gishiri da kanwa, a bayansu kuma wata 'yar tsohuwa bisa jan jaki, ta zauna ƙyam kamar an dasa ta. Na sallami yara tun lokaci bai yi ba. Suka watse da ihu, su ma sun sami rabonsu.

Rabona da ita tun ina saurayi, sa'ad da na je gida can arewa da Ƙonni na yi damina. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kau da kai, ta dubi kunnen jakinta ta ce, "Aura, mun same su lafiya?" Na ce lafiya lau. Ta ce, "To madalla, Aura."

Ni ne ɗan farinta. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta duban idona, ba ta yi mini magana baki da baki. Haka ake yi a wurinmu, haka uwarta ta yi wa nata ɗan. Da ina yaro ɗan maraƙi take wa magana, ni kuma in raɓe kusa in tsinci abin da ya shafe ni. Yanzu jaki ne ya gaji sarautar. Zulai matata 'yar Kalgo ce, su ma sun san kunyar ɗan fari, amma tasu ba ta kai nan ba. Ta shige ɗaki tana toshe baki da zane.

Sambo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, ka yi ƙiba. Tawada kake sha?" Na ce shi kuma ya koma kara, iska za ta kai shi Jega ba sai ya wahalar da jaki ba. Ya yi murmushi, amma ba irin dariyarsa da na sani ba. Jega za shi. In ya sayar da kaya zai biyo ta Kalgo ya ɗauki Gwaggonsa, wato Inna, ya mai da ta arewa wurin Kawu.

Kayanta: tabarma, buta, da ragar ƙorai. Dukansu ta kwaso, har babbar ƙwaryar aurenta mai zanen wata. Sai kuma sandar Baba da malafarsa.

Baba bai zo ba. Ban tambaya ba.

Laraba, da hantsi

Zulai ta samo mini labari wurin tatsar akuya. Inna ta ce abu biyu suka kawo ta. Na farko, ta ga garin da aka kai "wancan" yana ƙarami aka mai da shi mai surutu. Na biyu, dorina.

Na yi dariya har na sarƙe da kunu. Wannan gardama ta girme ni! Baba yana saurayi ya taɓa koro shanu da rani har gulbi, ya koma yana ba da labarin wata saniyar ruwa da ta fi rumbu girma, tana kwana a ruwa, tana fitowa kiwo ba makiyayi. Inna ta ce ƙarya ce. Duk daren da hira ta yi daɗi a ruga sai ya tayar da zancen, ita kuma ta ce, "Tsoho, saniyar da ba a tatsa ba saniya ba ce, mafarki ne."

Ta gaya wa Zulai cewa in ta gani da idonta shi ke nan, sai ta koma.

Zan nuna mata komai. Komai da komai.

Alhamis, bayan azahar

Yau babu karatu, na zaga da ita gari. Ita bisa Aura, ni ina ja, Zulai a baya da goran ruwa.

Na kai ta marina ta ga yadda zane ke shiga fari ya fito kore, iska ta buge shi ya rikiɗe baƙi. Na yi mata bayani tun daga yankan ganyen baba har zuwa bugu. Na kai ta wurin masaƙa. Na nuna mata masallaci, da gidan da na yi karatu, da tsamiyar da na faɗo daga kanta na karya hannu. Muka tsaya makabarta muka yi wa magabata addu'a. A nan ta daɗe fiye da yadda na zata.

Ina jin na cika magana. A ƙofar kasuwa ta sunkuya ta ce, "Aura, in mai janka ya gaji da bayani ka gaya masa a bar mu mu yi kallo."

Wani mahauci ya ji, ya kwashe da dariya, ya ba ta tsire kyauta. Ta karɓa ta naɗe a gefen zane.

A gindin tsamiya kuwa, da na ambaci hannun, ta tambayi jaki, "Wanne?" Na ce na hagu. Ba ta dube ni ba. Hannun ta duba.

Juma'a, bayan sallah

Zulai ta share mata kusurwar ɗaki, ta kafa mata maratayi. Inna ba ta kwance ƙorai ba.

Asabar, da hantsi

Na roƙi Zulai ta roƙi Inna ta zo zaure ta ga yarana. Ta zo, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ta ba mu baya.

Kai, yau sun fitar da ni kunya! Rahmatu, 'yar ƙaramarsu, ta karanta allonta ba tuntuɓe ko ɗaya. Umaru mai kan tsiya, wanda kullum sai na bi shi da ido, ya tashi ya kawo wa baƙuwa ruwa ba wanda ya sa shi. Na ce musu za mu tafi Kalgo kallon namun ruwa, kowa ya faɗi abin da zan zo masa da shi. Ɗaya ya ce gashin gauraka. Ɗaya ya ce haƙorin kada. Rahmatu ta ce in zo da dorinar gaba ɗaya.

Da aka tashi Inna ta kira ta, ta shafa kanta ta ce, "Malaminku yana dukanku?" Ta ce a'a, surutu yake mana har mu gwammace duka. Inna ta yi dariyar da ban ji ba tun ina yaro, kafaɗunta suna rawa, har yanzu bayanta gare ni.

Litinin, bayan magariba

Mun hau dutse ta hanyar Malisa tun da sanyin safiya. Zabin daji suka tashi gabanmu fir, Aura ya yi tutsu, Inna ko gezau. Sama kuma muka tarar da jajayen birai suna zaune jere kamar masu jiran shari'a. Wata uwa tana cire wa ɗanta ƙwarƙwata, in ya motsa ta make shi. Zulai ta ce ga makarantar Malam. Inna ta ce wa jaki wannan ta fi tsari, babu hayaniya.

Daga can ana ganin Gwandu duka a cikin kwarinta, da giginyu, da hayaƙin gidaje. Na nuna mata gabas, na nuna mata kudu, na ce can bayan wancan layin ne gulbi. Da na waiwayo, arewa take kallo.

Muna saukowa muka gamu da mutane a hanya, sun fito daga can. Mata da yara da tsofaffi, kaya a ka, ba dabba ko ɗaya. Kwanakin nan kullum sai sun wuce. Inna ta sauka daga jaki ta yi magana da wata a cikinsu da Fulatanci, ƙasa-ƙasa. Na matsa gefe na tsaya ina duban wata ƙaya kamar ban taɓa ganin ƙaya ba. Ta kwance gefen zanenta ta ba matar abin da ke ciki.

Biran nan dai sun yi kyau. Zan ba yara labarinsu.

Laraba, da la'asar

Zulai ta ce Inna rabin tuwonta take ci, rabi ta shanya a bayan ɗaki ta ɓoye a zane. Wai guzuri. Ta ce, "Malam, wanda zai koma wurin da akwai abinci ba ya haka."

Na ce na sani.

Ta ce, "To?"

Na ce a daɗa mata tuwo.

Alhamis, da sassafe

Za mu kama hanya. Na bar yara hannun Malam Isa. Na ce a bar ƙorai a nan kada su fashe a hanya. Inna ta gaya wa Aura cewa daga Kalgo Sambo zai ɗauke ta, me zai komo da ita Gwandu? Ta ɗaura ragar da hannunta.

Asabar, da hantsi, Kalgo

Mun iso jiya da yamma, mun sauka gidan Bawa, wan Zulai. Masunci ne, baƙi, gajere, murya kamar ganga. Ya tarye mu da kifi busasshe da tuwon shinkafa. Inna ta juya kifin da yatsa ta ce ita ba ta cin abin da ba shi da ƙafa. Bawa ya ce, "Inna, ai nono ma ba shi da ƙafa." Ta dube shi, ta gutsura. Daga nan suka ƙulla. Tana ce masa ɗan ruwa, yana ce mata sarauniyar tudu.

Da safen nan na ja shi bayan rumbu na ce ina da roƙo. Na ce ya kai mu ko'ina a gulbin nan, ban da inda dorina take.

Ya ce, "Mi kac ce, Malam?"

Na sake faɗa. Na ce ta yi alkawari ba ta tafiya sai ta gani, Inna kuwa ba ta taɓa tayar da maganarta ba. In Sambo ya zo ba ta gani ba, zai wuce ya bar ta.

Ya riƙe ciki yana dariya har ya jingina da rumbu. "Kai da ke hana yaran mutane ƙarya! In ɓoye maka dorina? A ina, cikin aljihu?" Da ya ga fuskata sai ya daina. Ya ce suna can gurbi mai zurfi ƙasa da Diggi, tun da ruwa ya ja baya. "Mu sai mu tahi sama. Amma zunubin naka ne, ni tuƙi kawai nika yi."

Na ce na ɗauka.

Lahadi, bayan la'asar

Ban taɓa ganin rana irin ta yau ba. Inna ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ta tsaya bakin ruwa ta yi addu'o'in da ta sani duka, sannan ta shiga ta zauna tsakiya, ta riƙe sandar Baba a gicciye bisa cinya. Aura ba shi da wurin zama, saboda haka yau Bawa ne jaki. Shi ya faɗa da bakinsa.

Tsuntsaye! Ruwa ya ja baya, duk sun taru wuri guda. Kirinjijiya garke-garke suna fito, in sun tashi sai rana ta dusashe. Dinya manya kamar tumaki. Kwasakwasa suna tafe a jere suna zuba baki cikin ruwa lokaci guda, kamar an ba su umarni. Zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, Bawa ya ce limaminsu ne, tun bara ya tayar da sallah bai yi ruku'u ba. Na ce ya ji tsoron Allah, amma na yi dariya.

Sai gauraka. Biyu suka rabu da sauran suka shiga rawa, suna tsalle, suna buɗe fiffike, suna sunkuyar da kai, tukkunsu na zinariya yana ƙyalli. Inna ta saki baki. Ta ce, "Ɗan ruwa, miji da mata ne?" Ya ce awo, kuma ba su rabuwa. Ta bi su da kallo. Can ta ce, "Namijin ya fi rawar kai." Na tsinci gashi uku a bakin gaɓa saboda yara.

Mun ga kada yana shan hantsi da baki buɗe. Haƙorin dai sai wani jiƙon.

Da za mu koma ta ce ina saniyar ruwan? Bawa ya ce yau ta tahi gaisuwar suna.

Talata, da azahar

Mun je Wurogauri ta tudu. Fulanin can sun sauko da shanu fadama, akwai sauran ɗanyen haki. Inna ta hango su ta sauka daga jaki ba ta jira kowa ba. Ta tsaya ta yi irin kiran nan nata, mai tashi sama ya karye. Wata farar saniya mai baƙin kunne ta ɗaga kai ta taho har gabanta.

Matar gidan ta ba ta ƙwarya. Ta tsuguna, ta jingina goshi da cikin saniyar ta shiga tatsa. Ƙwarya ta cika, hannunta bai daina ba, goshinta bai ɗaga ba. Zulai ta ja hannun rigata muka koma gindin wani marke.

Da ta taso ta gaya wa Aura cewa shanun nan ba su da laifi, sai dai masu su ba su iya ɗaurin maraƙi ba.

Ba ta ambaci namu ba. Ban tambaya ba.

Laraba, da hantsi

Saura kaɗan asiri ya tonu. Mun fita yawo a ƙafa gefen Diggi, a tsohuwar gonar shinkafa, sai ga sawu a cikin laka, kowane ɗaya kamar akushi. Inna ta tsaya. Na dubi Bawa.

Bawa ya ce, "Saniya ce, Inna. Shanunmu na nan ƙafa gare su."

Ta tsuguna ta sa tafin hannunta ciki, bai cika rabi ba. Ta bi gefen da yatsa a hankali. Ta ce, "Ikon Allah. Saniya mai yatsu huɗu." Sai kuma daga can ƙasa wani gurnani ya taso, mai kauri, kamar ana jan turmi bisa dutse. Bawa ya dafe ciki ya ce wake ya ci jiya.

Ta miƙe ta kaɗe hannu ta ce, "Allah ya sawwaƙe, ɗan ruwa. Aura, mu koma, rana ta yi."

Na yi istigfari har gida. Amma ba ta gani ba.

Alhamis, bayan asuba

Ba ta kwance ƙorai ba. Ba ta kuma sake tambayar dorina ba.

Asabar, da la'asar

Shamuwa ta iso. Da safe aka wayi gari da su bisa tsamiyar ƙofar gari, suna gyaran tsohuwar sheƙa. Yara suna ta tsalle, manoma sun fito da kalme, wato fartanya, suna dubawa. Kowa ya ce bana in Allah ya so ba za a yi irin bara ba. Ni ma na yi murna, na rantse na yi.

Wani mai jaki da ya fito Jega ya ce Sambo ya sayar da kaya, yana nan tafe kafin Laraba, yana sauri ya riga ruwan sama.

Lahadi, bayan magariba

Na yi ɓarna.

Ana zaune tsakar gida, Bawa da iyalinsa da wasu maƙwabta, Inna tana gyara igiyar raga. Na ga hannunta bisa igiyar nan sai na kasa daurewa. Na tashi na je gabanta na durƙusa, na dubi idonta, na ce, "Inna, kada ki tafi. Ki zauna wurina. Ni ɗanki ne, haƙƙinki a wuyana yake." Ban tsaya nan ba. Na jawo aya, na jawo hadisi, na fassara, na kawo abin da malamai suka ce. Na faɗi abin da ke can arewa da abin da babu. Gaban mutane.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta ci tuwo ba.

Litinin, 1 ga Jimada Lahir, da hantsi

Zulai ba ta taɓa yi mini faɗa irin na yau ba. Ta ce, "Malam, duk karatun nan naka. Matar da ta yi shekara da shekaru tana ɓoye son da take maka, ka tsare ta gaban surukai ka ce ta fito da shi fili? In ta ce to, a ce yunwa ta sa ta zubar da kunyarta, ta zo cin tuwon ɗan fari. Ka bar mata wata amsa ban da a'a?"

Na ce to yaya zan yi?

Ta ce, "Ita wa take wa magana?"

Na ce haba Zulai, ni da rawanina, in tsaya ina zance da jaki?

Ta ce, "Ita da furfurarta fa?"

Talata, da azahar

Tun da asuba Inna ta aika aka kira Bawa. Ta ce, "Ɗan ruwa, wasa ya ƙare. Yau ƙasa za mu, wurin mai cin wake." Bawa ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

Muka gangara har gurbin. Ruwan baƙi ne, shiru, ba tsuntsu ko ɗaya. Bawa ya kafa gorar tuƙi nesa da tsakiya ya ce kowa ya kame. Muka jira har rana ta fara zafi. Na fara sa rai ba za ta fito ba.

Sai ruwa ya kumbura. Kunnuwa biyu ƙanana suka fito suna kaɗawa, sai idanu, sai hanci ya fesa ruwa sama. Sai kai gaba ɗaya, faɗinsa ya kai ƙofar zaure. Ta buɗe baki, ja wur, haure kamar taɓare. Bayanta wani ɗan ƙaramin kai ya ɓullo. Uwar ba ta ko waiwaye shi ba, ta dai juya jikinta a hankali har ta shiga tsakaninsa da jirginmu.

Na manta da komai, na ce subhanallahi da ƙarfi, Bawa ya make ni a gwiwa.

Inna ta yi dariya. Ta yi ta yi har ta kifa kai bisa sandar da ke cinyarta. Ta ce, "Ashe da gaskiyarka, tsoho. Ashe da gaskiyarka." Ta ɗago ta sake dubawa ta ce, "Amma kunnen ka daɗa masa. Ka ce kamar faifai." Daga nan dariyar ta zama wani abu, Bawa ya zare gora ya juya jirgi, kowa ya sami abin kallo a gaɓa.

Ta gani.

Talata, da magariba

Sambo ya iso. Gobe da sassafe.

Laraba, bayan azahar

Bari in rubuta a hankali.

Da gari ya waye Sambo ya ɗaure jakunansa a ƙofar gida. Inna ta fito da raga ta ajiye gefen Aura, ta koma bakin ɗaki tana naɗe tabarma. Mutanen gida duk suna nan. Na gyara rawani, na je na tsaya gaban jakin, na ba ta baya.

Na ce, "Aura, ina kwana."

Sambo ya ce, "La ilaha! Tawadar ta hau kai." Zulai ta harare shi.

Na ce, "Aura, na ga kofatonka ya cinye. Hanyar nan da za ka bi ba ciyawa, rijiyoyi sun ƙafe, kai ka fi ni sani, ka biyo ta. Ni kuwa ina da harawa a Gwandu ba mai ci. Ina da wata yarinya Rahmatu da ta ce in kawo mata dorina, ban samu ba, ko jaki na kai mata ta rage fushi. Akuyar gidanmu kuma ba a iya tatsarta ba, rabin nonon a ƙasa yake ƙarewa." Zulai ta ce kai Malam, amma a hankali. Na ce, "Ba don kowa nake roƙonka ba, Aura. Ni ke da bukata. In ka tafi ban san wanda zan riƙa yi wa bayani ba."

Jakin ya kaɗa kunne ya kama cin gefen rigata.

Ina jin tabarma ta daina motsi a bayana.

Sai muryarta: "Aura, ka gaya wa mai rawani bai iya ƙarya ba, kada ya sake. Saniya mai yatsu huɗu!" Bawa ya tuntsire. Ta ce, "Kuma ka gaya masa ni kai kawai na gani. Tsoho cewa ya yi tana fitowa tudu tana kiwo kamar saniya. Ban ga ƙafa ba, ban ga kiwo ba. Ba na ba mutum gaskiya rabi. Ɗan ruwa, yaushe take fitowa a gan ta da rana?"

Bawa ya share hawaye ya gyara murya. Ya ce, "Wai, Inna, wannan sai haki ya tsiro. Bayan damina. Wata shekara ma ba ta hitowa sam."

Ta ce, "To ka ji, Aura. An ɗaure mu."

Sambo ya dube ta, ya dube ni. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, me zan gaya wa babana?" Ta ce ya ce tana kallon dorina. Ta kwance zanen busasshen tuwon nan duka ta ba shi, ta ce ya kai musu. Zulai ta daɗa masa kifi da shinkafa iyakar abin da jaki zai ɗauka. Da zai tafi ya rungume ni ya ce a kunnena, "Ka kyauta, mai jaki." Wannan suna na san har kabari.

Asabar, bayan la'asar, Gwandu

Mun iso jiya. Hadari ya haɗu a gabas, bai zuba ba, amma an ji ƙanshinsa.

Na raba wa yara gashin gauraka, na yi musu rawar, na yi musu gurnanin dorina har maƙwabci ya leƙo. Rahmatu ta zagaya Aura ta ce wannan ba dorina ba ce. Na ce ta yi haƙuri, shi ne ya fi ta amfani.

Inna ta gaya wa jaki a yi mata bukka tata a bayan gida, ƙofar ta dubi yamma, kada ta riƙa ganin masu wucewa zaure. Ni ke wucewa zaure. Gobe za a sari itace.

Lahadi, bayan asuba

Na fito sallah na tarar da sandar Baba a jingine a ƙofar ɗakina, malafar a rataye bisa kanta. Ba kowa a tsakar gida.

Na daɗe tsaye. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta.

Lahadi, da hantsi

Ina cikin biya wa Umaru sai Zulai ta shigo zaure da babbar ƙwarya mai zanen wata, cike da fura. Ta dire ta gabana ta ce, "In ji Inna, wai a ba Aura. In ba ya sha, a ba wanda ke kusa."